Hajiya ta ce a bar yaran su yi zazzaɓin gida, jininsu ya saba

Assalamu alaikum Yaya. Ni 'yar Kano ce, aure ya kawo ni Makka, muna zaune a Shara Mansur yau shekara 9. Yarana uku duk a nan aka haife su: babban shekararsa 7, mai bi masa 4, auta kuma watanta 7. Ba su taɓa taka gida ba. In Allah ya kai mu watan Agusta za mu je bikin ƙanwar maigida, mu yi wata biyu. Na ce masa mu je asibiti a ba yaran maganin kariya daga maleriya kafin mu tashi, sai ya yi dariya, ya ce shi a Kano ya tashi, sauro ya cije shi har ya gaji ya bar shi, kuma jininsa ne a jikinsu. Mahaifiyarsa, Hajiya, ita ma ta ce a waya yaron da ba ya ciwo ba ya ƙwari, a bar su su yi zazzaɓin gida sau ɗaya jininsu ya saba. Har allurar wata 9 ta auta ta ce a bari sai mun dawo, kada a taho mata da jika da zafin allura. Ni dai hankalina bai kwanta ba, amma ina gudun a ce na zo Makka na koyi raina mutanen gida. Don Allah, da gaske ciwo ne ke gina jikin yaro?

Wata baiwar Allah, daga Makka

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya miki su, ya sa a yi biki lafiya. Kin yi daidai da hankalinki bai kwanta ba. A kai yaran wurin likita kafin tafiya, a yi wa auta allurarta, shi ma maigidan a haɗa da shi. Sai dai kada ki ɗauki maganar Hajiya shaci-faɗi. Abin da idonta ya gani shekara da shekaru take faɗa, kuma akwai gaskiya a cikinsa. Sai kin san inda gaskiyar tata ta tsaya za ki iya yi wa maigida bayani ba tare da an ɗaga murya ba.

Mu fara da abin da kika saba gani. Lokacin aikin Hajji ya zo, gari ya cika da mutum kusan miliyan 2, kowa da irin murar garinsu, babban naki ya bi babansa Harami ya dawo yana atishawa. Kafin ƙwayar cutar ta kai ga kama shi, sai da ta tsallake abubuwa da yawa. Fata ba ta barin komai ya wuce sai in ta tsage. Majinar hanci da maƙogwaro tana danƙe ƙura da ƙwayoyin cuta, wasu 'yan siraran gashi da ido ba ya gani suna turo ta sama, a haɗiye, ruwan ciki mai tsami ya ƙone abin da ke ciki. Kullum ana wannan aiki, yaro bai ma sani ba.

In wata ta kuɓuce ta shiga naman hanci ta fara hayayyafa, wurin da ta taɓa yakan saki wasu sinadarai da ke janyo fararen ƙwayoyin jini. Waɗanda suka fi saurin zuwa su ne niyutirofil. A ɓargo ake yin su, kuma a jikin babba su ne fiye da rabin fararen ƙwayoyin jini. Haɗiye ƙwayar cuta suke yi su mutu tare da ita. Mugunyar da kike gani a ƙurji, mafi yawanta gawarsu ce. Jijiyoyin jinin wurin su buɗe, wurin ya yi ja, ya kumbura, ya ɗau zafi, hanci ya toshe. Sinadaran nan kuma su bi jini har ƙwaƙwalwa, inda ake daidaita ɗumin jiki, a ɗaga shi daga 37 zuwa 38 ko 39. Shi ya sa yaro ke rawar sanyi alhali jikinsa rau: jikin ne da kansa ke neman ƙarin zafi, don ƙwayoyin cuta da yawa ba sa sakewa a cikinsa. Wannan duka da shi ake haihuwar kowa. Yana da sauri, amma ba ya tantance wace cuta ce, kuma ba ya tuna wadda ya gani jiya.

Tunawar aikin wasu ne. Kin san kaluluwar da ke fito wa yaro a wuya in maƙogwaronsa na ciwo, ko a hantsa in ya ji rauni a ƙafa? Can ake kai ɓurɓushin ƙwayar cutar a nuna wa wasu fararen ƙwayoyin jini iri biyu, masu suna B da T. Suna da yawan gaske, kuma kowace ɗaya siffa guda kawai take iya ganewa. Sai an lalubo wadda ta dace da wannan cuta, sannan ta shiga ninka kanta, ɗaya ta zama dubbai, wurin ya kumbura. Ƙwayoyin B su riƙa zubo antibodi, wani sinadari da ke manne wa wannan ƙwayar cutar kaɗai ya hana ta shiga, ya kuma yi mata alama a haɗiye ta. Ƙwayoyin T su bi sassan da cutar ta riga ta shige su kashe, wasunsu kuma su tsara aikin sauran. A karon farko wannan yakan ci mako ɗaya zuwa biyu kafin ya kankama, kuma a cikin kwanakin nan ne cuta ke yin ɓarnarta. In an ci nasara, mafi yawan ƙwayoyin da aka tara su mutu, 'yan kaɗan su rage a ajiye. Ranar da cutar ta sake dawowa ba a fara lalube daga farko, cikin 'yan kwanaki an gama da ita, sau da yawa ko atishawa ba a yi ba.

To ga gaskiyar Hajiya. Ƙaramin yaro yakan yi mura sau 6 zuwa 8 a shekara, yana girma tana raguwa, domin masu kawo mura iri-iri ne, dangi ɗaya kawai a cikinsu ya haura iri 100, kuma kowanne sai jiki ya koye shi daban. Akwai ma cutar da sau ɗaya ake yi. A 1846 ƙyanda ta shiga tsibiran Faro a arewacin Turai, ta kwantar da mutum kusan 6,000 cikin ƙasa da 8,000. Likitan da aka tura daga Denmak, Peter Panum, ya lura cewa tsofaffin da suka yi ta a annobar 1781 ba ta taɓa ko ɗayansu ba. Shekara 65 jikinsu bai manta ba.

Amma wannan ajiya ta mai ita ce, ba a gadonta. Abin da jikin maigida ya koya a Kano yana jikinsa, ko ɗigo bai shiga jikin yaran ba. Uwa ce kaɗai ke ba da wani abu, shi ma na ɗan lokaci: a watanni ukun ƙarshe na ciki antibodinki suna ratsa mabiyiya su shiga jinin jariri, daga nan su yi ta raguwa, wajen wata 6 zuwa 9 saura kaɗan. Nono, tun daga dakashi, yana ci gaba da kare hanji da maƙogwaro, don haka kada ki yi tunanin yaye a wannan tafiya. Ki lura da inda auta take yanzu: naki ya kusa ƙarewa a jikinta, nata bai gama tsayawa ba. Cikin abubuwan da ake gada da suka shafi maleriya akwai jinin AS, wanda ke rage haɗarin mai tsanani. Ko da yaranki suna da shi, ba ya hana kamuwa.

Maleriya kuma ba ta bin tsarin ƙyanda, a nan ne maganar “sau ɗaya jininsu ya saba” ta rushe. In sauro ya zuba ƙwayar a jini, hanta take wucewa ta yi kamar mako guda tana hayayyafa, yaro na wasansa garau. Daga nan ta fito ta shige cikin jajayen ƙwayoyin jini, ta cinye su daga ciki, duk bayan awa 48 su fashe, sababbi su fito su shiga wasu. Irin da ya fi yawa a ƙasarmu, falsifarum, yana da wata dabara. Yakan fito da wani abu mai danƙo a bayan jar ƙwayar da ya shiga, ta manne a jikin ƙananan jijiyoyi don kada jini ya kai ta saifa a tace ta. In mannewar ta faru a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, shi ne ake ganin jijjiga da suma. Wannan abu mai danƙo shi jiki ya fi iya gani ya yi wa antibodi, amma ƙwayar tana da samfurinsa kusan 60, tana sauyawa. Kafin jiki ya gama shirya wa na farko, ta koma na biyu. Ga shi kuma ƙwayar da sauron gobe zai kawo tana da nata samfuran daban.

Saboda haka sabon da mutanen gida ke da shi ba a kwanciya ɗaya aka same shi ba. Zazzaɓi ne bayan zazzaɓi, damina bayan damina, shekaru a jere. Kuma ko bayan nan rabin kariya ce: magidanci a Kano yana kamuwa, sai dai ya yi kwana biyu yana ciwon kai da kasala ya miƙe. Waɗanda ba su kai ga samun sabon ba su ke biyan kuɗinsa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa wajen kashi 3 cikin 4 na waɗanda maleriya ke kashewa a Afirka yara ne 'yan ƙasa da shekara 5, kuma wajen kashi 1 cikin 4 na masu kamuwa da ita a duniya duka a Najeriya suke. Hajiya tana kallon waɗanda suka yi ƙwari ne, su ne ke gabanta suna aurar da 'ya'ya. Duk wadda ta taɓa zama da tsofaffinmu hira ta yi nisa ta ji suna lissafa nawa suka haifa, nawa suka rage, ta san akwai sauran lissafin. Ban ce ki faɗa mata haka ba. Wataƙila ita ma tana da nata da ta binne, ba ki da hurumin taɓo mata shi.

Ga hujjar da ba ta cin fuskar kowa. A Kano da sauran jihohin Arewa, duk damina ma'aikatan lafiya na bi gida-gida suna ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin kariya, wata-wata har damina ta wuce. Yaran da aka haifa a can ke nan, waɗanda sauro ya san su tun ranar suna. In su ba a bar su jininsu ya saba ba, ina ga baƙi daga Makka da za su sauka a tsakiyar marka?

Sai shi maigida. Kariyar maleriya kamar hadda take, tilawa ke riƙe ta. Mahaddacin da ya yi shekara goma bai buɗe Alƙur'ani ba, zai iya kawo wasu surori, amma ba za a sa shi ya ja tarawihi ba. Cizon sauron kowace damina shi ne tilawar, shi kuwa ya daina tun da ya zo nan, domin ba a ɗaukar maleriya a Makka ko Jidda, sai can kudu wajen Jizan, kusa da iyakar Yaman. Sauron da ke damunku a nan wani iri ne daban, zazzaɓin dengi yake yaɗawa. Abin da ya rage a jikinsa ba na dogaro ba ne, naki ma haka. A Ingila, mafi yawan waɗanda ake samu da maleriya ba Turawa masu yawon buɗe ido ba ne, 'yan Afirka ne da suka je ganin gida ba su sha komai ba, da irin wannan magana a bakinsu.

Batun allurar auta, wato ta ƙyanda, ya fi ba ni tsoro fiye da yadda kika ɗauke shi. Rigakafi hanya ce ta nuna wa ƙwayoyin B da T cuta a raunane, ko a mace, ko wani yanki nata, su yi laluben nan na mako biyu ba tare da cuta na cin yaro ba. Ɗumin jiki da rigimar kwana ɗaya ko biyu da Hajiya ke gudu, aikin jikin ne ya fara. A allurar ƙyanda wani lokaci sai bayan mako guda yake zuwa. Tunda kuwa jiki na buƙatar wajen mako biyu, allurar da aka yi bayan an dawo ba ta da amfani ga tafiyar da aka riga aka yi. Gidan biki ne fa, yara daga kowace unguwa, kowa na son ɗaukar 'yar Makka. Ƙyanda tana cikin cututtukan da suka fi kowace saurin yaɗuwa, mai ita ɗaya kan shafa wa mutum 12 zuwa 18 a cikin waɗanda ba su da kariya. Kuma ita ce cutar da ta fi ƙaryata cewa ciwo na ƙara ƙwari, don ƙwayoyin ajiyar nan take kai wa hari. Wani bincike da aka wallafa a 2019 kan yaran ƙasar Holan da ba a yi wa rigakafi ba ya gano cewa bayan ƙyanda sun rasa tsakanin kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na nau'o'in antibodin da suka tara. Shi ya sa yaro ke tashi daga ƙyanda ya faɗa zawo, daga zawo ya faɗa ciwon haƙarƙari, a ce jini ne bai karɓi gari ba.

In auta ba za ta cika wata 9 kafin tafiya ba, ki faɗa wa likita ranar tashinku, domin akan yi wa jariri allurar ƙyanda tun daga wata 6 in za a kai shi inda cutar take, sannan a bi jadawali yadda aka saba. Ki ɗauko katin manyan su ma a duba, musamman ta mashaƙo, wadda ta ɓarke a Kano tun ƙarshen 2022 ta fi cin yaran da ba su kammala allura ba. Akwai ta cutar shawara, wadda ake yi daga wata 9, sau ɗaya a rayuwa, katinta kuma ba ya fara aiki sai bayan kwana 10. Saudiyya na neman sa ga masu shigowa daga Najeriya. Ita da ta ƙyanda ko dai a yi su rana ɗaya, ko a bar mako 4 a tsakani, don haka lokaci ya fi ƙurewa fiye da yadda kike gani. Wani zai ce miki ai yanzu akwai allurar maleriya. Akwai, Najeriya ta fara ta a Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024, amma sau 4 ake yi cikin wajen wata 10, don yaran da ke zaune a can. Ba za ta yi muku aikin wata biyu ba.

Abin da zai yi muku shi ne ƙwayoyin sha. Ku je markaz, wato ƙaramin asibitin unguwarku, ko asibitin da kuka saba mako 4 zuwa 6 kafin tashi. In kin rasa inda za ki fara, ki kira 937 na Ma'aikatar Lafiya. Akwai wanda ake sayarwa da sunan Malarone, kullum ake sha, a fara kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, a ci gaba har kwana 7 bayan dawowa. Akwai meflokwin, sau ɗaya a mako, a fara mako 2 zuwa 3 kafin tafiya, a ci gaba mako 4 bayan dawowa. Likita ne zai zaɓa, kuma da nauyin kowane yaro ake aunawa, kada a ɓallo daga na babansu a ba su. Ki gaya masa kina shayarwa. Wanda kika sha ba ya isar auta ta nono, ita ma sai an ba ta nata. Kulorokwin da muka tashi da shi ya daɗe da daina aiki. Sauron maleriya daga magariba zuwa asuba yake cizo, daidai lokacin da ake baje tabarma a tsakar gida ana hirar biki, don haka gidan sauro mai magani ga kowa, doguwar riga da wando da yamma, da man shafawa na korar sauro. Ruwan sha kuma na gora ko tafasasshe, ki kuma tafi da gishirin zawo na leda.

Yadda za ki ɓullo wa gidan kuwa, kada ki yi gardama da Hajiya, ba a waya ba, ba ido da ido ba. Magana tsakaninki da mijinki ce, shi zai san yadda zai gaya wa mahaifiyarsa. Ki same shi lokacin da ya ci ya huta, kuma kada ki fara da cewa ya yi kuskure. Ki ce za ki kai auta allura da katin shawara, wanda dole ne ko don dawowa, kina so ya raka ku. In kun shiga, ki yi wa likita tambayar maleriya a gabansa ki yi shiru. Maza da yawa abin da suka ƙi ji daga bakin matansu sukan karɓe shi daga bakin likita, har su dawo gida suna yi miki bayaninsa. Ki bar shi ya yi. In an kawo maganar tawakkali, shi ya fi ki sanin cewa Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka, ya ce daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Ga Hajiya kuma, in kun isa, ki ba ta gorar maganin a hannu ki ce likita ya ce kullum da safe, kina tsoron hidimar biki ta mantar da ke, ta taya ki tunawa. Kakar da aka danƙa wa amana ba ta wasa da ita.

Ko da an sha magani, duk zazzaɓin da ya taso daga mako guda da isarku a ɗauke shi maleriya har sai gwajin jini ya ce ba ita ba ce, kuma a yi gwajin a ranar, a asibiti. Farasitamol yana saukar da zafi, ba ya taɓa ƙwayar. In yaro ya ƙi nono ko ruwa, ko yana amayar da komai, ko barci ya yi masa nauyi ba ya tasuwa, ko ya yi jijjiga, ko numfashinsa na sama-sama, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, ba a jiran gari ya waye.

Haka nan bayan kun dawo Makka. Yawanci tana bayyana cikin watan farko, amma takan makara har watanni. Likitan nan ba kullum yake ganin maleriya ba, in ya ga yaro da zazzaɓi mura zai fara kawowa a ransa. Tun kafin ya tambaya ki ce masa kun je Najeriya, ki faɗi ranar da kuka dawo, ki nemi a yi gwajin maleriya. In bai nuna komai ba kuma zazzaɓin bai sauka ba, a sake washegari.